Kunkurun Inna

Kunkuru ba ya kuka, ba ya kai ƙara. Akuya in ta ji ciwo duk unguwa sai ta sani, shi kuwa sai ya yi wata guda yana fama da cuta a bayan randa, mutanen gida suna cewa ai halinsa ne. Shi ya sa nake jinjina wa wata tsohuwa, Inna, da na sani a Kagara, hedikwatar ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, wadda ta gaji kunkuru daga surukarta, ta kuma iya karanta shi kamar allo.

Abu na farko da Inna ta sani shi ne ba kowane kunkuru ne abincinsa ɗaya ba. Ƙaramin nan da manoma ke tsintowa a gona da damina, wanda bayan ƙoƙonsa ke rufewa kamar ƙyaure in ya tsorata, yana cin dodon koɗi da tana da naman kaza, yana kuma son danshi. Nata kuwa babban ne na ƙasashen Sahel, mai haƙa rami, wanda babu kamarsa girma a duk yankin Afirka in an cire na tsibirai. Shi ɗan ciyawa ne. Ciyawar ƙiri-ƙiri take yanko masa, da ganyen rama da na yakuwa, wani lokaci ɗan yankin kabewa. Ragowar tuwo ko shinkafa da mai, wanda yawancin gidaje ke zuba wa kunkuru don tausayi, ba ya shiga gabansa. Zai ci, don ba ya ƙin tayi, amma cikinsa ba na wannan ba ne. Ɓawon ƙwai takan shanya, ta daka shi lukui, ta barbaɗa a kan ganye saboda ƙarfin ƙashi, sannan ta bar shi ya sha hantsi, domin in babu rana wannan garin ba ya amfanar jiki.

Inda gwanintar take shi ne duba. Na taɓa zaunawa ina kallonta ta sa jikanta ya ɗaga shi cikin faffaɗan baho mai ruwan ɗumi, ruwan bai wuce haɓarsa ba. Ya miƙa wuya, ya nutsa baki, ya daɗe yana sha. Can ya saki fitsari da wani farin abu a ciki. Ta sa tsinke ta taɓa. "Ka gani, ɗan nan? In ya yi laushi kamar kindirmo, lafiya lau. In ya yi tsakuwa-tsakuwa, ƙishi ne ya daɗe a jikinsa." Likitocin dabbobi ma haka suke cewa, kuma rashin ruwa na iya tara dutse a mafitsararsa. Daga nan ta leƙa hammatarsa da gindin wutsiya tana neman kaska, ta dubi ido ko ya faɗa, ta dubi hanci. Kumfa a hanci lokacin hunturu alamar ciwon huhu ce, kuma a nan Inna ba ta jiƙe-jiƙe, sai a nemo likita. Ta gama, ta wanke hannu da sabulu, ta sa yaron ma ya wanke.

Abin da ke ɓata mata rai shi ne masu huda gefen ƙoƙo su ɗaura igiya. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haƙarƙari da ƙashin baya ne suka haɗe, yana jin zafi. Haka yaran da ke kifar da shi don wasa: huhunsa a sama yake, ƙarƙashin ƙoƙon, in ya kwanta rigingine kayan ciki sai su danne shi.

Tsohon kunkuru kuwa sai da hidima. Inna ba ta taɓa jin labarin Jonathan ba, kunkurun tsibirin Saint Helena da aka kai can daga Seychelles a 1882, wanda ya haura shekara 190. Tsufa ya sa masa yanar ido, ya daina jin ƙamshi, bakinsa ya dakushe har ba ya iya tsinkar ciyawa. Likitansa, Joe Hollins, ya koma ba shi karas da kokwamba da tuffa da hannu, bakin ya sake yin kaifi. Shi ma Alagba, kunkurun fadar Soun, sarkin Ogbomoso, wanda ya mutu a Oktoban 2019, mutum biyu aka ware don hidimarsa. Fada ta ce ya shekara 344, masana kuwa suka yi shakka, don irinsa bai cika wuce ɗari ba.

Na tambayi Inna shekarun nata. Ta ce ita dai ta same shi a gidan ranar da aka kawo ta amarya, a lokacin ma ya fi ƙwaryar fura girma. Yanzu ba ya ganin ganye sai an kai masa baki. Ta yayyanka rama ƙanana, ta durƙusa da ƙyar, ta riƙa goga masa a leɓe har ya buɗe.