Kwalbar da Ba Ta Waƙa: Nazari kan Rektifaya da Muryar Amfilifaya

Duk wanda ya tashi a gidan da ake da tsohuwar rediyo mai kwalabe zai tuna cewa ba ta magana da zarar an murɗa ta. Sai an ɗan jira, kwalaben cikinta su yi ja kamar garwashi, sannan murya ta taso a hankali. Taransista ta kori irin waɗannan kwalabe daga rediyo da talabijin tun tuni, amma akwai wurare biyu da suka ƙi barinsu: amfilifayar makaɗan gita, da amfilifayar masu sauraron kiɗa a gida waɗanda ba sa wasa da ingancin sauti. A Amurka da Turai da Japan, waɗannan mutane suna da wata al'ada ta cire kwalba su sa wata, su zauna su kasa kunne, su yi ta muhawara kan wadda ta fi daɗin murya.

Idan kwalbar da aka sauya tana cikin waɗanda sautin kiɗa ke ratsawa, babu mai musun cewa murya za ta iya canzawa. Rigimar tana kan kwalba guda wadda kiɗa ba ya bi ta cikinta ko kaɗan, wato rektifaya. Wasu sun rantse cewa ita ce ruhin akwatin amfilifaya. Wasu sun ce zancen banza ne, kunne ne ke yaudarar mai shi. Abin da nake son nunawa shi ne kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya, kuma ba za a haɗa rabin biyun ba sai an fahimci aikin da kwalbar take yi.

Mai garuwa da randa

Wutar da ke shigowa gida tana kai da komo ne, sau 50 a kowace daƙiƙa a Najeriya da Nijar da Ingila, sau 60 a Amurka. Kwalaben da ke ƙara ƙarfin sauti kuwa suna bukatar wuta mai bin hanya ɗaya, mai ƙarfin bolt 300 zuwa 500 a yawancin akwatuna. Taransifoma ce ke ɗaga wutar, rektifaya kuma ta miƙar da ita, ta bar ta ta wuce gaba ta hana ta dawowa. Tushen wannan dabara shi ne kwalbar da John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro a Ingila a 1904: ƙarfe mai zafi yana fitar da ƙwayoyin lantarki zuwa wani faranti a cikin gilashin da aka zuƙe wa iska, kuma ba sa iya komowa ta inda suka fito.

Wutar da ta fito daga rektifaya ba ta zuwa a shimfiɗe. Tana zuwa ne guntu-guntu, sau 100 a daƙiƙa inda wutar gari take sau 50. Don haka ake tara ta a cikin kafasita, daga nan sauran kwalabe suke ɗiba. A ɗauki kafasita a matsayin randar gida, rektifaya kuma mai garuwa. Muddin mutanen gida suna shan ruwa kaɗan-kaɗan, ba wanda zai san ko mai garuwar ƙaƙƙarfa ne ko mai sanyin jiki, domin randa a cike take. Ranar da aka yi biki, kowa ya kai moɗa lokaci guda, ranar ce za a gane wane ne ke kawo ruwan. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Dukkan abin da rektifaya ke yi wa sauti daga nan yake fitowa: wuta nawa take cinyewa a hanya, kuma da wane sauri take mayar da abin da aka ɗiba.

'Yan gida ɗaya, hali daban

Kwalaben da aka fi kwatantawa suna da gindi iri ɗaya mai gurbin ƙafa takwas, shi ya sa suke shiga ramin juna, shi ya sa kuma ake yawan yin kuskure da su.

Ƙaramar cikinsu ita ce 5Y3. Tana iya ba da miliamfiya 125, kuma idan aka ja ta har iyakarta tana cinye bolt 50 zuwa 60 a hanya. Ita kamfanin Fender ya sa a ƙananan akwatunansa na shekarun 1950, Champ da Deluxe. Sai 5U4, babba mai jiki, wadda samfurinta na 5U4GB ke kai miliamfiya 275, tana cinye bolt 45 zuwa 50, amma zaren da ke ɗumama ta yana cin amfiya 3, alhali na 5Y3 amfiya 2 yake ci. Sai GZ34, wadda Amurkawa ke kira 5AR4, ƙirar Turai ta shekarun 1950 da sunan kamfanin Mullard ya bi. Tana ba da miliamfiya 250, kuma kimanin bolt 17 kawai take cinyewa ko da an ɗora mata kaya mai nauyi. A tsakani akwai 5V4 mai cinye kimanin bolt 25, a can ƙarshe kuma akwai 5R4 mai cinye fiye da 60. Dayod ɗin silikon kuwa, wanda ke yin aikin rektifaya ba tare da kwalba ba kuma bai kai ƙwayar wake ba, kusan bolt ɗaya kacal yake ci.

Akwai kuma bambancin tashi. A 5Y3 da 5U4 da 5R4, zaren da ke zafi shi ne da kansa yake fitar da ƙwayoyin lantarki, don haka cikin daƙiƙu kaɗan wuta ta hau. A GZ34 da 5V4 zaren yana ɗumama wani bututu ne da ke lulluɓe da shi, sai wutar ta hau sannu a hankali, daidai lokacin da sauran kwalabe suka yi ɗumi. Wannan bai shafi murya ba, amma yana sauƙaƙa wa kafasita.

Inda bambancin yake fita fili

Yawancin amfilifayar gita masu ƙarfi suna da kwalaben fitar da sauti bibbiyu, ɗaya na turawa ɗaya na ja, kuma wutar da suke sha tana ƙaruwa gwargwadon yadda aka buga. Idan makaɗi ya daki tsirkiya da ƙarfi, sai su ɗebi wuta mai yawa nan take. Rektifaya mai cin wuta da yawa ba ta iya cike gurbin da sauri, sai ƙarfin wutar ya lotsa na ɗan ƙiftawar ido, kaifin bugun farko ya yi laushi. Yayin da sautin ke mutuwa, wutar tana dawowa, sai muryar ta zama kamar tana kumbura maimakon ta faɗi. Makaɗa suna cewa akwatin yana numfashi, kuma galibi a yatsunsu suke fara jin abin kafin mai sauraro ya ji shi a kunne.

Tarihin akwatunan ya nuna cewa masu ƙera su sun san da wannan. Fender Bassman na 1958, wanda aka so ya riƙe ƙasan sauti da kyau, GZ34 aka sa masa. Da Jim Marshall ya fitar da JTM45 a Landan a 1962 bisa tsarin wannan Bassman ɗin, ita ya riƙe, kuma ita ce a cikin Vox AC30. Da aka fara neman ƙara mai tsabta da za ta cika babban zaure, Fender ya sa silikon a Twin Reverb na 1963, Marshall ma ya yi haka a manyan akwatunansa masu wat 100. A farkon shekarun 1990 kamfanin Mesa/Boogie na Kalifoniya ya fitar da Dual Rectifier, wanda ke da makunni a baya: makaɗi ya zaɓi kwalaben 5U4 idan laushi yake so, ko silikon idan yana son bugu mai tauri da sauri. A nan ba a bukatar gardama. Abu ne da ake ji, kuma mita tana nuna shi.

Sai dai a duba Champ, mai kwalbar fitar da sauti guda ɗaya. Irin wannan tsari yana shan wuta kusan daidai wa daida ko ana kiɗa ko an yi shiru. Mutanen gidan ba sa yin biki, don haka randa ba ta lotsawa yadda take yi a manyan akwatuna. Idan aka sauya masa rektifaya aka ji canji, mafi yawan canjin daga tsayayyen ƙarfin wuta yake: an ƙara masa bolt 30 ko an rage, sai ya ƙara ƙarfi da sarari kafin murya ta fara tsagewa, ko ya rasa su. Kwalba ɗaya ce, amma halinta ya danganta da gidan da aka kai ta.

Masu sauraro a ɗaki

Abin da makaɗi ke nema shi ne abin da mai sauraron faifai ke gudu. Shi yana son abin da aka ɗauka ya fito yadda yake, ba tare da akwatin ya sa nasa baki ba. Shi ya sa Quad II na 1953 ya zo da GZ32, Dynaco Stereo 70 na 1959 ya zo da GZ34, McIntosh MC275 na 1961 kuwa ya bar kwalbar rektifaya gaba ɗaya. Dukkansu wuta mai tsayuwa suke nema.

Duk da haka, a wannan fage ne aka fi zuba wa rektifaya kirari. Za ka ji an ce wannan ta buɗe fili tsakanin kayan kiɗa, waccan ta sa zuma a muryar mawaƙiya, kuma ana biyan kuɗi mai yawa don tsohuwar GZ34 ta masana'antar Mullard da ke Blackburn, ko 274B ta Western Electric. Ban ɗauki duk wannan a matsayin ruɗu ba, domin ruwa ba ya tsami banza. Canjin bolt 20 ko 30 yana matsar da wurin da kowace kwalba a akwatin take aiki, kuma hakan yana taɓa irin gurɓatar da take yi wa sauti. Dayod ɗin silikon na gama-gari yana yin 'yar ƙarar lantarki duk lokacin da ya rufe, abin da kwalba ba ta yi. Waɗannan dalilai ne na gaske. Amma a akwatin da ke da isasshiyar kafasita da matatar wuta mai kyau, ana kuma sauraro da matsakaiciyar ƙara, abin da ya rage na bambanci ƙanƙane ne ƙwarai idan aka gwada shi da girman kirarin.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce wannan: idan aka haɗa dayod ɗin silikon da resista mai girman da ya dace, wato abin da ke yi wa wuta turjiya, ana samun lotsawar wuta mai kama da ta kwalba, har ana sayar da irin wannan haɗi don a cusa a ramin rektifaya. Ashe sirrin yana cikin turjiyar da wuta ke gamuwa da ita a hanya, ba cikin gilashi ko tambarin da aka buga a kansa ba.

Gwajin da ya cancanci sunansa

Abubuwa uku ke ɓata yawancin kwatancen da ake yi. Na farko, ƙarar sauti. Idan wuta ta ragu da kashi 10 cikin 100, iyakar ƙarar akwatin tana raguwa da ƙasa da desibel ɗaya. Kunne ba ya cewa wannan ta fi ƙara, sai ya ce ta fi daɗi. Wanda bai daidaita ƙarar gwaji biyu da mita ba, bai san abin da ya kwatanta ba.

Na biyu, lokaci da sani. Kafin a kashe akwati, kwalba ta huce, a sa wata ta yi ɗumi, mintuna sun wuce, kuma ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ƙananan siffofin sauti tsawon haka. Mai sauraro kuma ya san wadda ya saya da tsada. Maganin shi ne wani ya riƙa sauyawa a ɓoye, a maimaita sau da yawa, a ga ko kunne zai gane ba tare da an gaya masa ba.

Na uku, wutar gari. Akwatin da ke aiki da bolt 400, idan wutar soket ta faɗi da kashi 10 cikin 100, zai rasa kimanin bolt 40, wato kwatankwacin tazarar da ke tsakanin GZ34 da 5Y3. Duk wanda ke zaune inda wuta ke hawa da sauka, ko ake komawa janareta da dare, ya san wannan faɗuwa ba baƙuwa ba ce. Ba tare da an tsayar da wutar shigowa ba, mutum zai iya yabon kwalba a kan abin da layin unguwa ya yi. Ko lambar da ke jikin gilashi ba ta isa shaida ba, domin wasu kwalaben da ake ƙerawa yanzu da sunan 5Y3 ba sa cin wuta kamar tsofaffin Amurka, kuma kwalbar da ta tsufa ta fi sabuwa ci.

Akwai kuma batun lafiyar akwatin da ta mai shi. Sa 5U4 a gurbin 5Y3 ko GZ34 yana ɗora wa taransifoma ƙarin amfiya ɗaya ko fiye, kuma tana iya ƙonewa. Sa GZ34 a gurbin 5Y3 yana iya ɗaga wuta fiye da abin da tsofaffin kafasita za su iya ɗauka, kuma yakan bukaci a sake saita kwalaben fitar da sauti. Kowace rektifaya tana da iyakar girman kafasitar farko da za ta iya cikawa: GZ34 tana ɗaukar maikrofarad 60, alhali a takardun 5R4 maikrofarad 4 aka saba gani. Kafasita kuma tana riƙe wutar da za ta iya kisa bayan an zare soket, don haka buɗe cikin akwati aikin ƙwararren mai gyara ne.

Kammalawa

Ina ganin darajar wannan al'ada, domin tana koya wa mutum ya saurara da natsuwa, kuma tana tuna masa cewa muryar da ke fita daga lasifika wutar randa ce aka sassaƙa ta da siffar kiɗa. Inda take ɓata hanya shi ne inda ake tambayar wace rektifaya ce ta fi kowace, kamar amsar tana cikin kwalbar ita kaɗai. Tambayar da ta dace ita ce: a wane akwati, da wace ƙara, don wane irin kiɗa? Makaɗin da ke son gitarsa ta yi numfashi zai sami abin da yake nema a 5Y3, mai son bugu mai tauri zai same shi a GZ34 ko silikon, kuma dukkansu za su iya nuna dalilinsu a kan mita. An ce gani ya kori ji, amma a wannan fage babu wanda ya isa ya kori ɗan'uwansa. Kunne ne ke faɗin abin da ya yi daɗi, mita kuma ta faɗi daga ina daɗin ya fito.