Ina Ruwan Ya Tafi?

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ba ka rasa ganin tsohuwar mota a gefen titi, bonet a ɗage, direba na tsiyaya mata fiya wata. Ya cika lagireto da safe, kafin azahar ta shanye. Irinta na ga an turo wa wani dattijon bakanike a wajen Ƙofar Ruwa: Fijo 504, cikin waɗanda aka haɗa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975.

Mai motar ya zo da hukuncinsa. "Malam, gasket ce ta ƙone, a sauke kan injin kawai."

"Alhaji, bari ta huce tukuna," in ji dattijon. "A ina take yi maka zafi, cikin cunkoso ko kan babbar hanya?"

Tambayar nan ita ce rabin aikin. Motar da ke tafasa a cunkoso amma ta huce in an sake ta a hanya, iska ce ba ta samu, sai a duba fanka da fambel. Wadda kuwa sai an taka ta a hanyar Zariya allurarta ke hawa, galibi lagireto ne ya toshe: ƙurar hunturu daga waje, tsatsa da gishirin ruwan rijiya daga ciki. Dattijon ya tayar da injin ya ɗan ɗumama, ya kashe, sannan ya bi fuskar lagireton da bayan hannunsa. Inda ya ji sanyi alhali gefensa na da zafi, nan ruwa ba ya wucewa.

Amma zafi daban, shan ruwa daban, kuma ruwa ba ya tsami banza. A wurinsa hanya biyu ce: ko ruwan ya fita waje, ko ya shiga cikin injin. Na waje yakan bar sawu, farin zane ko ja-ja a bakin tiyo, ko danshi a ɗan ramin da ke ƙarƙashin famfon ruwa, wanda aka yi musamman don ya tona asiri in robar ciki ta mutu. Na ciki ne mai wuyar kamu, kuma a nan na fi jin daɗin kallonsa. Ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa, ko ya koma kamar kunun gyaɗa. Ya tsuguna bayan salansa yana duba ko farin hayaƙi na ci gaba bayan injin ya ɗumama. Ya kwance fulogi huɗun ya jera su, domin wanda tururi ya wanke yakan fito fes a cikin 'yan'uwansa. Da injin ya huce sarai, ya buɗe lagireto, ya sa yaronsa ya tayar, ya zuba wa ruwan ido. In gasket ta fashe, iskar silinda za ta riƙa ɓullowa ƙwal-ƙwal ba tsayawa, in kuma an mayar da murfin, tiyon sama ya ƙame nan take.

Babu ko ɗaya. Sai ya juya murfin lagireton a tafin hannunsa. Da yawa muna ɗaukarsa marfi ne kawai, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120. In robarsa ta tsage ko sifirin ya saki, ruwa zai tafasa da wuri ya tsere ta siririn tiyon gefe a matsayin tururi, ƙasa kuma ba ɗigo ko ɗaya. Robar wannan ta tsattsage kamar faso.

Ya kuma lura an cire mata tamostat, al'adar da ta yi yawa a garejojinmu, kuma ina ganin kuskure ce. Cire ta ba ya maganin zafi, sai dai ya sa injin ya daɗe bai kai ɗumin aikinsa ba da safe, ya ƙara shan mai.

Ya aiki yaro cikin kasuwa ya sayo murfi da tamostat, aka wanke lagireto, aka cika shi. Suka zaga da ita har Dawanau suka dawo, allurar tana tsaye a tsakiya.

"Alhaji, gobe da safe kafin ka tayar, ka buɗe ka duba. In ya ragu ko da yatsa ɗaya ne, ka dawo min da ita."