Tsakanin Alƙalami da Diga: Nazari a kan Labarin Kafa Birnin Rum a Aikin Livy

A wannan ɗan taƙaitaccen nazari za mu dubi yadda marubucin nan na Rumawa, Titus Livius, wanda aka fi sani da Livy, ya kawo labarin kafa birnin Rum, sa'annan mu auna shi da abin da masu haƙar kayan tarihi suka tono. Livy ya fara aikinsa wajen shekara ta 27 kafin Miladiyya, ya rubuta littattafai 142, amma 35 ne kawai suka iso gare mu.

A littafi na farko ya ba da labarin tagwaye, Romulus da Remus, waɗanda aka jefar a kogin Tiber, macen kyarkeci ta shayar da su, suka girma suka kafa gari, daga bisani Romulus ya kashe ɗan'uwansa saboda ya tsallake ganuwarsa. Abin lura shi ne, Livy bai ɗauki labarin da hannu biyu ba. Tun a gabatarwa ya ce irin waɗannan labarai ba zai gaskata su ba, ba kuma zai ƙaryata su ba. Har ma ya kawo wata ruwayar da ke cewa kyarkecin laƙabi ne na wata mata mai zaman kanta. Ashe ke nan tarihihi yake ba mu, kuma ya san haka.

To, me ƙasa ta ce? A 1899 Giacomo Boni ya tono wani dutse a dandalin birnin, mai ɗauke da tsohon rubutun Latin da ke ambaton sarki. Wannan ya ƙarfafa cewa lallai an yi sarauta a Rum. A kan tudun Falatin kuma an sami ramukan dirkokin bukkoki na ƙarni na 8 kafin Miladiyya, zamanin da ya dace da shekara ta 753 da Rumawa ke ƙirgawa daga gare ta. A 1988 Andrea Carandini ya gano ragowar wata ganuwa a gindin tudun, ya danganta ta da Romulus. A nan ne muka rabu da shi. Ganuwa tana shaidar cewa an yi gini, ba ta faɗin sunan magini. Hatta mutum-mutumin kyarkecin nan na tagulla, da aka daɗe ana yi masa kallon aikin ƙarni na 5 kafin Miladiyya, gwajin kimiyya ya karkata ga cewa a ƙarni na 11 ko 12 na Miladiyya aka zuba shi, tagwayen da ke ƙarƙashinsa kuwa sai a ƙarni na 15 aka ƙara su. (Ɗalibanmu masu neman takobin Bayajidda su kafa hujja da shi, sai su yi hattara.)

A ganinmu, ƙimar labarin tana cikin jigonsa. Livy ya tashi cikin yaƙin basasa, ya ga Rumawa suna zubar da jinin juna har zuwa yaƙin Aktiyum a shekara ta 31 kafin Miladiyya. Marubucin da ya ga haka, ya kuma ƙi ɓoye cewa jinin ɗan'uwa aka zubar a harsashin birninsa, da mutanen zamaninsa yake magana. Inda muke ganin rauninsa shi ne ƙirgen shekaru: sarakuna bakwai kacal ya shimfiɗa a kan shekara 244, wato kowane sarki kusan shekara 35, alhali da dama daga cikinsu kashe su aka yi.