Duba Kafin Kaka: Al'adar Hasashe a Gasar da Ba a Zufa

Daga watan Yuli zuwa farkon Satumba, masu sharhin wasanni a Amurka kusan ba su da sana'ar da ta wuce duba. Tun kafin a take wasan farko na gasar NFL, kowa ya riga ya faɗi wanda zai ɗaga kofin Super Bowl, da kocin da za a fara sallama, da ƙungiyar da za ta kwana a ƙasan teburi. Al'adar nan ta bi masoya ƙwallon ƙafar Amurka har cikin wasu gasanni da babu fili, babu ƙwallo, babu kuma ɗan wasan da zai yi zufa. Su ne gasannin kwaikwayo na intanet, inda manhajar kwamfuta ke buga wasa, mutane kuma su zama masu ƙungiya, su zama koci, su zama 'yan jarida, sannan su koma gefe su yi kallo.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Mutane su haɗu, kowa ya karɓi ƙungiya. A manhaja irin Front Office Football, wadda Jim Gindin ya fara fitarwa a 1998, mai ƙungiya zai zauna ya tsara wanda zai fara wasa da wanda zai zauna a benci, ya zaɓi dabarar kai hari da ta tsaron gida, ya yi cinikin 'yan wasa ba tare da ya zarce iyakar kuɗin albashi ba. Idan ya gama sai ya tura wa shugaban gasa. Shi kuma ya tattara na kowa, ya danna maɓalli, cikin ɗan lokaci sakamakon mako guda ya fito. A wata gasar mai suna International Simulation Football League, wadda aka kafa a 2017 kuma take amfani da manhajar Draft Day Sports, kowane mamba ɗan wasa ɗaya yake ƙirƙira, ya raɗa masa suna, ya riƙa ƙara masa ƙarfi da makin da yake samu daga ayyukan da gasar ke bayarwa. Cikin ayyukan nan har da hasashe. Ke nan a can duba ma hanyar cin abinci ce.

Abin yana da tushe tun kafin kwamfuta ta shiga gidaje. Kamfanin APBA ya fitar da wasan ƙwallon ƙafar Amurka na kati a 1958, Strat-O-Matic ya biyo baya da nasa a 1968. Kowane ɗan wasa na gaske yana da katinsa, an cika shi da lambobin da aka ciro daga abin da ya taɓuka a kakar da ta wuce. A jefa ƙwayoyi masu ɗigo-ɗigo irin na lido, a duba lambar da ta fito a jikin kati, a ga ko an cafe ƙwallo ko ta faɗi ƙasa. Manhajojin yau wannan aikin suke yi, illa dai ƙwayoyin sun koma cikin na'ura, ba a jin ƙararsu. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Bill Winkenbach, ɗaya daga cikin masu hannun jari a ƙungiyar Oakland Raiders, wanda a 1962 ya zauna da abokansa a wani otal a New York suka tsara wasan zaɓen 'yan wasa na gaske don a tara maki da abin da suka yi a fili. Shekara guda bayan haka suka yi zaɓensu na farko a Oakland. Daga wasan kati aka gaji lissafi, daga mutanen Winkenbach aka gaji musu da kuri. Hasashen gabanin kaka a gasar kwaikwayo ɗan waɗannan gidaje biyu ne.

Wanda ya karanta irin wannan rubutu sau biyu ko uku zai gane fasalinsa. Marubucin, wanda galibi shi ma yana da ƙungiya a gasar, zai jera ƙungiyoyi daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. A ƙarƙashin kowacce ya sa 'yan layuka: wa ta saya, wa ya yi ritaya, wasa nawa za ta ci. Mai riƙe da kofi ana ba ta girmanta a sama. Akwai wadda kullum ake cewa ta yi kwanton ɓauna, a yi hattara da ita. Akwai wadda ake yi wa ta'aziyya tun da ranta, a ce mai jefa ƙwallonta ya tsufa, masu tare masa gaba kuma kamar ƙofar zana suke, kowa ya tura ya wuce. Sai a rufe da wanda zai zama gwarzon ɗan wasa da wanda zai zama gwarzon sababbin shiga. Idan marubucin ya zo kan tasa ƙungiyar, nan ake ganin halinsa. Wani ya ɗora ta a sama ba kunya. Wani ya kai ta tsakiya don kada a ce ya yi son kai, alhali kowa ya san abin da ke ransa. Mai wayo kuma ya jefa ta can ƙasa, don in ta ci ya zama ya ba da mamaki, in ta faɗi ya ce ai dama ya faɗa.

A ido, hasashe a nan ya kamata ya fi na NFL sauƙi nesa ba kusa ba. Mai sharhin gasar gaske yana fama da abubuwan da ba ya gani: gwiwar da ke ciwo an ɓoye, rigimar koci da ɗan wasa, ruwan sama, iska. Tarihin 1999 ya isa misali. Ƙungiyar St. Louis Rams ta gama kakar 1998 da cin wasa 4, an doke ta 12. A wasan share fage sai Trent Green, mai jefa ƙwallon da ta ɗauko don ya farfaɗo da ita, ya ji mummunan rauni a gwiwa. Aka miƙa ragama ga Kurt Warner, mutumin da 'yan shekaru kafin nan yake jera kaya a kantin sayar da kayan masarufi a jihar Iowa. Rams ta ci wasa 13 cikin 16, ta doke Tennessee Titans da ci 23 da 16 ta ɗauki kofi, Warner ya zama gwarzon shekara. Haka a 2011, Philadelphia Eagles ta kwaso manyan 'yan wasa har ana yi mata kallon wadda ta gama ɗaukar kofi, ta ƙare da cin 8, rashin 8, ko zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba ta kai ba.

A gasar kwaikwayo kuwa ƙarfin ɗan wasa lamba ce a rubuce. Gudunsa, ƙarfin hannunsa, juriyarsa, duk an auna. A wasan Madden na kamfanin EA Sports, 99 ce ƙololuwa. Babu ɗan wasan da matarsa ta ɓata masa rai da safe. Duk da haka masu hasashe suna shan kunya kaka bayan kaka, kuma dalilin farko lissafi ne tsagwaronsa. A ɗauka ƙungiya ta fi kowa ƙarfi, har tana da damar kashi 70 cikin ɗari ta cin duk wasan da ta shiga. Idan sai ta ci wasa uku a jere a zagayen sili-ɗaya-ƙwale kafin ta ɗaga kofi, damar tata ta dawo kashi 34 da ɗoriya. Ma'ana, sau biyu cikin uku wata ce za ta ɗauka. Ƙwallon ƙafar Amurka wasa ne mai gajeriyar kaka, wasa 17 kacal kowace ƙungiya ke bugawa a NFL tun daga 2021, gasannin kwaikwayo kuma a nan kusa suke tsayawa. Wasanni kaɗan ba sa ba ƙarfi isasshen lokacin da zai danne sa'a.

Masu kula da ƙungiyoyi sun san haka sarai. A gasannin da kowa ke iya mallakar manhajar, sukan gwada wasa ɗaya sau ɗaruruwa a gida kafin su miƙa dabararsu, su ga wace ce ta fi kawo nasara. Amma ranar wasa na haƙiƙa sau ɗaya tak shugaban gasa zai danna, abin da ya fito shi ne tarihi. Mutum ya ci gwaji 80 cikin 100 a ɗakinsa, ya wayi gari an lallasa shi a bainar jama'a. Wasu manhajojin ma da gangan suke rufa wa mutum ido. Front Office Football ba ta nuna ainihin ƙarfin matashin ɗan wasa, sai abin da mai leƙo wa ƙungiya 'yan wasa ya hango, shi kuma yana iya kuskure. Hakan yana ba da damar a samu irin labarin Tom Brady, wanda sai a lamba ta 199 aka zaɓe shi a 2000, ya zo ya ci Super Bowl bakwai.

Masu kare hasashen na'ura suna son kawo labarin Fabrairun 2015. Tun 2004 EA Sports ke sa Madden ya buga wasan Super Bowl kafin ranar, kuma a 2015 ya ce New England Patriots za ta doke Seattle Seahawks da ci 28 da 24, bayan an bar ta a baya da 24 da 14, kuma Julian Edelman ne zai cafe ƙwallon nasara. Haka aka yi, tamkar an kwafa. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne shekarar da ta biyo: na'urar ta ba Carolina Panthers, sai Denver Broncos ta ci 24 da 10. Wannan fa wasa ɗaya ne tsakanin ƙungiyoyi biyu da aka sani, saura kwanaki a buga. Ina ga kaka sukutum, da ƙungiyoyi masu yawa, da raunuka, da cinikin tsakiyar kaka?

Sa'a dai ba laifin kowa ba ce. Inda ya kamata a tuhumi masu wannan rubutu shi ne lalaci. Mafi yawan jerin gabanin kaka teburin bara ne aka sake wa riga. Wadda ta yi ta ɗaya ta zauna a ta ɗaya, wadda ta yi kashin baya a bar ta a can. Alhali an gina gasar, ta gaske da ta kwaikwayo, a kan jawo na sama ƙasa da tura na ƙasa sama. Ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa. Iyakar albashi, wadda NFL ta shigo da ita a 1994, tana tilasta wa zakara ta saki wasu gwanayenta. Daga 1990 zuwa 2023 ba a yi kakar da ba a samu aƙalla ƙungiyoyi huɗu da suka kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale bayan sun rasa shi a kakar da ta gabata ba. Ko masana alƙaluma na shafin FiveThirtyEight, lokacin da suke hasashen NFL, sukan ja makin kowace ƙungiya kashi ɗaya cikin uku zuwa tsaka-tsaki kafin sabuwar kaka. A gasar kwaikwayo juyin ya fi sauri, tunda ana iya buga kaka da dama a shekara guda, gwarzon jiya ya tsufa kafin mai shi ya ankara.

Akwai kuma wani abu da lambobi ba sa nunawa, wanda mai hasashe na ƙwarai ke sa wa ido: mutanen da ke bayan ƙungiyar. Mai ƙungiya ya samu sabon aiki ya daina leƙowa. Ɗalibin da ke riƙe da gwarzon ɗan wasa ya shiga jarrabawa, makinsa ya tsaya cak. Abokai biyu sun saɓa, ɗaya ya nemi a sayar da shi. Waɗannan ne ciwon gwiwar gasar kwaikwayo, kuma ɗan cikin gida ne kaɗai ke jin ƙishin-ƙishin ɗinsu. Sai dai faɗarsu a fili na iya ɓata zumunci, don haka sau da yawa a haɗiye, a koma ga lambobi.

To me ya sa ba a daina ba, tunda ana ta kuskure? Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Kano ko Zariya ana saura mako guda a fara gasar Firimiyar Ingila ya san amsar. Musun da ake yi kafin wasa shi ke sa a damu da wasan. Abin da manhaja ke fitarwa jerin lambobi ne kawai, 27 da 20, 31 da 13. Sai an riga an ce ƙungiya kaza ba za ta kai labari ba, sannan cin da ta yi zai zama ramuwa. Sai an naɗa wata sarauta tun kafin kaka, sannan faɗuwarta za ta zama abin ba'a na wata guda. Na'urar ba ta karanta abin da aka rubuta, ba ta jin haushi, ba ta ƙara ƙaimi don an raina ta. Mutanen ne ke ji. Wanda aka jefa ƙungiyarsa ta goma sha biyu yakan kwana yana gyaran dabara, ya nemi ciniki, ya tsokano abokan wasansa da suka yi sanyi. Ta wannan hanya hasashen yakan taɓa sakamakon da ya yi iƙirarin hangowa, wani lokaci ma ya ƙaryata kansa da kansa.

Ga gasar da mambobinta ke warwatse a ƙasashe daban-daban, da yawansu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, rubutun gabanin kaka yana yin wani aikin kuma. Shi ne kiran suna. Duk ƙungiyar da aka ambata, ko da zolaya ce, ta san ana sane da ita. Gasar da aka daina yi wa hasashe galibi gasa ce da mutanenta suka fara zamewa.

Saboda haka auna wannan rubutu da yawan abin da ya faɗa daidai kaɗai zalunci ne, tunda ko wanda ya fi kowa sani zai faɗi fiye da yadda zai ci. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne ko marubucin ya kawo hujjar da za a iya kama shi da ita. Wanda ya ce ƙungiya za ta faɗi saboda masu tsaron bayanta uku sun tsufa a lokaci guda, kuma kuɗinta ya ƙare a kan mutum ɗaya, ya ba mai karatu abin dubawa a mako na shida. Wanda ya ce kawai jikinsa ne ya ba shi, ya cika shafi ne. A nan ne kuma al'adar ta fi rauni, a gasar gaske da ta kwaikwayo baki ɗaya: ana rububin fitar da hasashe kafin kaka, amma da wuya a ga wanda ya dawo bayan an ɗaga kofi ya ajiye abin da ya faɗa kusa da abin da ya faru. Gasar kwaikwayo ba ta da uzuri a kan wannan, domin komai nata a adane yake, daga jerin farkon kaka har teburin ƙarshe. Shugabannin gasannin da ke ba da maki don a yi hasashe, ya kamata su ware wani makin ga wanda ya dawo ya yi wa nasa hisabi.