Ganga da Yaƙi: Tsokaci a kan Aikin Jim Sykes

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba aikin Jim Sykes, malamin nazarin kiɗa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, musamman littafinsa The Musical Gift wanda ya fito a shekarar 2018. Sykes makaɗin ganga ne tun kafin ya shiga bincike, kuma ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Shikago a kan kiɗan tsibirin Siri Lanka. Ƙasar nan ta sha yaƙin basasa daga 1983 zuwa watan Mayu na 2009, tsakanin gwamnati da ƙungiyar LTTE mai neman ɓalle wa Tamilawa ƙasa a arewa da gabas. Tambayar da za mu bi ita ce: mene ne ganga za ta iya bayyana mana game da yaƙi, kuma ina iyakarta?

2. Ginshiƙin ra'ayinsa

Sinhalawa, waɗanda galibinsu mabiya addinin Buda ne, su ne kusan kashi uku cikin huɗu na jama'ar ƙasar. Tamilawa kuwa yawancinsu ƴan Hindu ne. An saba ɗaukar kiɗan kowane ɓangare a matsayin shaidar ƙabilarsa. Sykes ya ƙi wannan. Ya koyi gangar yak beraya a hannun makaɗan berava, zuriyar da ta gaji kiɗa a cikin Sinhalawa, ya lura cewa makaɗin ba tunanin ransa yake furtawa ba, ba kuma ƙabilarsa yake tallatawa ba. Kiɗan magana ce da ake miƙa wa Buda da alloli da aljannu a matsayin kyauta, domin neman tsari da warkar da marar lafiya. Abin da ake bayarwa kyauta kuwa yana ƙetare iyaka. Daga nan ya nuna tarihin cuɗanyar kiɗa tsakanin al'ummun tsibirin, wanda siyasar ƙabilanci ta rufe.

A ganinmu nan ne ƙarfin littafin yake. Ya tuna wa manazarci cewa idan ya jera kaɗe-kaɗe ƙabila-ƙabila, yana iya ƙarfafa rabuwar da mayaƙa ke so ba da saninsa ba. Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Mai goge a wasan bori a Maradi iska yake kira da kirarinta, kamar yadda Veit Erlmann ya bincika a maƙalarsa ta 1982. Wanda ya ce wannan kiɗa alamar Bahaushe ce kawai, ya bar mai sauraro na ainihi a waje.

3. Inda muke da ja

Na farko, kalmar kyauta tana da laushin da zai iya lulluɓe tilas. Berava suna cikin zuriyoyin da aka ƙasƙanta, haka ma makaɗan parai a cikin Tamilawa, waɗanda ake kira wajen makoki amma ake ƙyamar cuɗanya da su. A zamanin masarautar Kandi kiɗan ɗakin ibada hidima ce da ake biya da ita a madadin gona. Sykes bai ɓoye wannan ba, sai dai muna ganin bai ba shi nauyin da zai girgiza ra'ayin nasa ba. Wanda ya san matsayin maroƙi a fadar sarki ya san cewa ana buƙatar mutum ana kuma raina shi a lokaci guda.

Na biyu, cuɗanya ba ta hana zubar da jini ba. Wurin ibada na Kataragama yana tara ƴan Buda da ƴan Hindu da Musulmi tun da daɗewa, amma hakan bai tare dokar 1956 da ta mai da Sinhala harshen hukuma shi kaɗai ba, bai kuma tare kisan Tamilawa na Yulin 1983 ba. Ita ma LTTE tana da gidan rediyonta da waƙoƙin zuga mayaƙa. Ke nan sautin da ke neman tsari yana iya neman nasara a kan maƙwabci, domin mai roƙon kariya yakan ambaci wanda yake so a kare shi daga gare shi. Tambarin sarki da ake bugawa ranar naɗi shi ne ake bugawa ranar fita daga.

4. Kammalawa

Ba mu ɗauki waɗannan dalilai a matsayin rushe littafin ba. Sun dai nuna cewa ya fi amsa tambayar yadda za a sake zama tare bayan yaƙi, fiye da tambayar yadda aka shiga shi. Shawararmu ga ɗalibanmu masu shirin fita bincike a fadojin Damagaram ko Tibiri ita ce su riƙa yi wa kowane kiɗa tambaya uku: wa ake yi wa shi, wa ya wajabta shi, kuma wa aka bari a waje. Sykes ya amsa ta farko da kyau. Biyun da suka rage suna jiran aikinmu.