Babin Boltzmann Ya Tafi Da Imanina

'Yan'uwa masoya kemistiri, ku bar ni in yi yabo son raina. Babin tamodainamiks na ƙididdiga da ke cikin Physical Chemistry na Peter Atkins, ƙaton littafin nan da ya fara fitowa a 1978, shi ya hana ni barcin rana a gidanmu na Ƙofar Marke cikin zafin Afrilu, kuma ko kaɗan ban yi nadama ba.

Ku dubi yadda yake jan mutum a hankali, cikin natsuwa da tsari da gwaninta: tunda mol guda na ɗauke da molekul 6.02 × 10²³, ba mai iya bin sawunsu ɗaya bayan ɗaya, sai a koma ƙirga hanyoyin da za su raba makamashi a tsakaninsu, rabon da ya fi yawan hanyoyi shi ke rinjaye. Shi ke nan fa! Daga nan rabon Boltzmann ya ɓullo, da S = k log W mai haɗa entorofi da yawan hanyoyin nan, wadda aka zana a kabarin Boltzmann ɗin a Biyana.

Amma q ce sarauniyata. Fatishan fankshan ɗin nan, 'yar ƙarama, mai kunya, mai tarin sirri, tana gaya maka matakan makamashi nawa molekul ke iya takawa a zafin da ake ciki, sannan daga cikinta ka ciro entorofi, ka ciro makamashin ciki, har da ma'aunin daidaiton riyakshan. Na ɗauki biro na gwada ta da naitirojin, iskar da ta fi yawa a abin da muke shaƙa. A digiri 42, zafin da ke korar kowa zuwa inuwa a Sakkwato, molekul ɗinsa na gudun kusan mita 500 a daƙiƙa, suna juyi kamar mazari, amma waɗanda suka hau matakin girgiza na farko ba su kai uku cikin dubu ɗari ba. Tsigar jikina sai da ta tashi.

Ƙorafina? Yawancin misalan a digiri 25 aka yi su, wato yanayin hunturunmu. Kuma dabarar lissafi ta Stirling da babin ya yi amfani da ita ta cancanci ƙarin bayani, ita da ke riƙe da ginin gaba ɗaya.

Ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, don Allah kada ku tsallake babin nan saboda tsoron lissafi. Ku samu takarda da kalkuleta, ku sa zafin garinmu cikin q, ku gani da idonku.