Bloodborne: Birnin Yharnam Ya Tafi da Hankalina

Jama'a, ashe akwai wasa irin wannan a duniya, muna nan muna ta buga ƙwallo a PS4 kamar don ita kaɗai aka ƙera na'urar! Bloodborne ya fito tun watan Maris na 2015. Kamfanin FromSoftware na ƙasar Jafan ne ya haɗa shi, Sony ta fitar da shi, amma ni sai yanzu Allah ya yi na ɗora hannu a kansa. Tun daga nan kuwa ba ni da zance sai na Yharnam. Na sha jin ana cewa wasa ne mai wuyar tsiya, wanda ke sa ƙato ya ajiye hannun gem ya fita shan iska. Gaskiya ne, wuya kam akwai ta. Abin da ba wanda ya taɓa gaya mini shi ne irin daɗin da ke cikin wuyar nan, da yadda wasan ke ɗaukar matsoraci ya mayar da shi mafarauci ba tare da ya yi masa lacca ko sau ɗaya ba.

Farkonsa kaɗai ya isa ya nuna maka da wa kake yi. Kai baƙo ne, ka zo wani tsohon birni da ya yi suna wajen warkar da cuta ta hanyar ƙarin jini. Wani tsoho mai naɗaɗɗun idanu ya sa ka rattaba hannu a yarjejeniya, aka ɗura maka jinin, ka farka a asibitin Iosefka ba kowa. Kana saukowa ƙasa sai ga wani ƙaton kyarkeci yana cin gawa, kai kuwa ko tsinke babu a hannunka. Yawancin mutane a nan suke fara mutuwa, kuma haka masu wasan suka so. Mutuwar ce ke kai ka Mafarkin Mafarauci, wani ɗan lambu mai furanni da kaburbura, inda tsoho Gehrman ke zaune a keken guragu, ga wata 'yar tsana mai girman mutum a jingine, ga wasu ƙananan halittu suna ɓullowa daga ƙasa suna miƙo maka makami. Ka zaɓa: zarto mai naɗewa, ko gatari, ko sandar da ke rikiɗa ta koma bulala. Sai ka haɗa da bindiga, ka koma wurin kyarkecin nan ku ƙarasa zance.

Daga nan ka tura ƙofa ka fito cikin gari. Wayyo, Yharnam! Gini ne irin na Turai na da, salon da ake kira gotik: hasumiyoyi masu tsini sun cunkushe sama, gumakan dutse sun durƙusa suna kuka a kowane lungu, akwatunan gawa jibge a bakin titi an ɗaure su da sarƙa da kwaɗo, abin da zai sa ka tambayi kanka ko me ake tsoron ya fito daga ciki. An ce gine-ginen Romaniya da na Jamhuriyar Cek ne suka ba masu zanen haske, tare da littafin Dracula na Bram Stoker. Rana tana faɗuwa, samaniya ta yi ja, kuma daren farauta ne. Duk mai hankali ya kulle gidansa ya kunna turaren korar dodanni. In ka ƙwanƙwasa ƙofa, wasu su yi maka dariya, wasu su zage ka don kai baƙo ne. Mutum ɗaya, Gilbert, wanda shi ma baƙo ne, shi ke yi maka magana mai daɗi ta taga yana tari kamar ransa zai fita.

A kan babban titi kuwa mutanen gari ne suka yi gangami, riƙe da wutar yula da lauje da cokulan tattara ciyawa, sun kewaye wani dodo da suka gicciye suna ƙonawa. Sun fito farautar dodanni. Duba su da kyau: gashi ya rufe musu fuska, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Cutar da suke farauta ta riga ta cinye su, ba su sani ba, kuma kai suke nunawa suna ihun kai ne ka kawo annoba. Tsikar jikina ta tashi a wurin nan, kuma har yau in na tuna sai ta sake tashi.

To bari in zo kan abin da ya sa nake ganin wasan nan ba shi da na biyu. A yawancin wasannin faɗa, in an sare ka, ja da baya kake yi ka nemi magani. Bloodborne ya juya abin. In maƙiyi ya ji maka ciwo, ɓangaren ran da ka rasa ba ya ɓacewa nan take. Yakan tsaya a layin rai da launin ruwan goro na 'yan daƙiƙoƙi. In ka yi kukan kura ka rama sara kafin ya zube, sai ranka ya dawo. Ka ji fa! Maganin ciwonka yana jikin wanda ya ji maka shi. Zuciyarka tana cewa gudu, wasan yana cewa matsa gaba, kuma duk lokacin da ka bi ta wasan sai ka ga riba. Wannan ƙa'ida guda ɗaya ita ce ran Bloodborne. Sannu a hankali sai ka ga yatsunka sun daina neman hanyar tsira, sun koma neman inda za su shiga. Dodon da jiya kake jin numfashinsa ka ja da baya, yau kai ne ke zamewa ta ƙarƙashin hammatarsa ka ɓullo a bayansa.

Kuma babu garkuwar kirki. Waɗanda suka saba da Dark Souls na 2011, wanda shi ma Hidetaka Miyazaki ne ya jagoranta, sun saba laɓewa a bayan garkuwa suna jiran dama. Nan wata 'yar garkuwar katako ce kawai za ka tsinta, ba ta tare komai. Bindiga ce ta maye gurbinta a hannun hagu, kuma ba don kisa aka ba ka ita ba. Ka jira maƙiyi ya ɗaga hannu zai kawo sara, daidai wannan ƙiftawar ka danna L2. In ka dace, sai ka ji wata ƙara, ya durƙusa, ka matsa ka danna R1, mafaraucinka ya cusa hannu cikin ƙirjinsa ya fizgo. Tamkar ɗan dambe ne: hannu ɗaya na auna abokin karawa yana tsayar da shi, ɗayan na jiran kisa. Ranar da na fara dacewa da wannan harbin, sai da na miƙe tsaye. Ga kuma makaman da kowanne biyu ne a ɗaya: danna L1, zarton ya buɗe ya yi tsawo, gatarin ya miƙe ya koma na hannu biyu, kuma kana iya sauyawa a tsakiyar sara ba tare da ka tsaya ba. Ƙarar buɗewar zarton nan kaɗai, wallahi, kiɗa ce.

Komai a ƙididdige yake. Kwalaben jini ashirin kake ɗauka, harsashi ashirin. Duk wanda ka kashe kana samun abin da ake kira amon jini, shi ne kuɗinka, shi ne kuma abin da 'yar tsanar nan ke karɓa ta ƙara maka ƙarfi. In ka mutu, duk ya zube a inda ka faɗi, wani lokacin ma wani maƙiyi ya lashe, sai ka gane shi da ƙyallin idanunsa. Dama ɗaya gare ka ka je ka ƙwato. In ka sake mutuwa a hanya, shi ke nan. Shi ya sa kowane taku yake da nauyi. Shi ya sa kuma ranar da ka sha wuya ka ratsa magudanar ruwa da lunguna, ka hau wani tsani, ka buɗe wata ƙofar ƙarfe, ka ga ashe fitilar da ka baro ce a gabanka, wadda kake farfaɗowa a gindinta in ka mutu, sai ka ji kamar an yi maka bushara. Garin a saƙe yake, sama da ƙasa, kowace hanya tana komowa cikin 'yar'uwarta, kuma babu taswira. A kanka za ka zana shi, kuma zai zauna.

Sai Fada Gascoigne. Duk wanda ya buga wasan nan yana da labarinsa da mutumin nan, domin shi ne mai gadin ƙofa: in ka wuce shi ka zama ɗan gari. Kana isa maƙabartar Oedon za ka tarar da shi yana ta sassara gawar da ta daɗe da mutuwa. Mafarauci ne kamarka, da gatari irin naka, da bindiga, da saurin da ya fi naka. Ba ya ba ka sarari ka sha magani, kaburbura kuma suna tare maka ƙafa. In ka ci ƙarfinsa, sai ya yi ƙara ya rikiɗe ya koma dodon da ya ƙare rayuwarsa yana farauta. Amma abin da ya karya mini zuciya ya faru tun kafin in gan shi. A wata taga can baya akwai yarinya ƙarama da ta roƙe ni in nemo mata mahaifiyarta, wadda ta fita neman mahaifinsu ta manta da ɗan akwatin kiɗan da suke kunna masa in ya fara manta su. Ta ba ni akwatin. In ka kunna shi a tsakiyar faɗan, Gascoigne zai dafe kai yana nishi. Bayan ya faɗi, a kan wani rufi kusa da wurin, ga gawar mace da jan abin ado a ƙirji, irin wanda yarinyar ta kwatanta. Babu wanda ya tsayar da wasan ya yi maka bayani. Kai za ka haɗa, kai kuma za ka yanke shawarar abin da za ka je ka gaya wa yarinyar.

Haka labarin yake tafiya gaba ɗaya: a cikin bayanin kayan da ka tsinta, a 'yan takardun da aka yar, a yanayin da ka tarar da gawa. Miyazaki ya taɓa faɗa cewa yana yaro yakan ari littattafan da suka fi ƙarfin karatunsa, sai ya cike guraben da bai gane ba da tunaninsa. Wannan jin daɗin ne ya miƙa mana. Da kaɗan-kaɗan za ka gano cewa malaman makarantar Byrgenwerth ne suka tono wani abu a tsofaffin ramukan da ke ƙarƙashin gari, cewa Laurence ya bar malaminsa Willem ya kafa Cocin Waraka a kan jinin nan, cewa garin neman ƙiba mutanen Yharnam suka samo rama. A Tsohuwar Yharnam, unguwar da aka cinna wa wuta aka kulle don a tare annoba, wani tsohon mafarauci mai suna Djura yana saman hasumiya da bindiga mai aman wuta yana kare dodannin daga gare ka, domin a wurinsa har yanzu mutane ne. Na daɗe ina juya maganarsa.

Kana zaton ka gane wasan, wasan kyarketai ne da mayu, sai ƙasa ta zame maka. Akwai wani ma'auni a kusurwar allo da ke ƙirga basirarka. Yana ƙaruwa duk lokacin da ka ga abin da bai kamata ido ya gani ba. Da ya kai 40, ka ɗaga kai ka dubi bangon cocin Oedon, wurin da ka mayar mafaka, inda ka riƙa turo bayin Allah su ɓuya: wata ƙatuwar halitta mai hannaye da yawa tana manne a jikinsa, kuma tun farko tana nan. Bayan ka kashe gizo-gizo Rom a cikin tafkin Byrgenwerth, wata ya sauko ya yi jajir, ka fara jin kukan jariri daga inda ba ka sani ba. A nan tasirin marubucin Amurka H. P. Lovecraft yake bayyana, tsoron abin da ya fi ƙarfin hankalin ɗan Adam. Ba zan ƙara komai a kai ba, don kada in ɓata wa wani. Ƙarshe uku gare shi, kuma kowanne yana da nauyinsa.

Aibu? Akwai 'yan kaɗan. Hotonsa firam 30 yake gudu a daƙiƙa, ko a PS5 ka saka shi bai ƙaru ba. In kwalaben jininka suka ƙare wajen wani bos, wato babban maƙiyi irin Gascoigne, sai ka koma baya ka tara wasu. Kuma ba na yara ba ne, jini a cikinsa har ya yi yawa. Amma da zarar kiɗan ya tashi, ƙungiyar makaɗa da mawaƙa da aka naɗa a Landan suka cika ɗaki, duk sai in manta. Ba mamaki ya sayar da fiye da kwafi miliyan 2 kafin ƙarshen 2015, ya kuma ci kyautar BAFTA ta tsarin wasa a 2016.

Wanda zai fara, ya nemi wanda ke haɗe da ƙarin The Old Hunters, wanda ya fito a Nuwamban 2015. A can Ludwig yake, mafaraucin cocin na farko, ya koma wata mummunar halitta rabi doki rabi mutum, yana haniniya yana birgima cikin kogin jini. Ana tsakiyar faɗa sai takobinsa ya faɗo gefensa yana haske kore, ya dube shi, hankalinsa ya dawo, ya miƙe tsaye ya riƙe shi hannu biyu kamar jarumin da yake a da, kiɗan ma ya sauya tafiya tare da shi. Ban taɓa ganin bos irin wannan ba a duk wasannin da na buga. Sama da shi akwai Lady Maria a hasumiyar agogo, bayanta kuma ƙauyen masunta, inda nake yanzu, kuma daren yau can zan koma.